Mercedes SL, Peugeot 504 mai ƙofa biyu ko Datsun Z: wacce za ta kai ku Yawuri ta dawo da ku Sakkwato?

Duk wanda ya taɓa tuƙa tsohuwar motar tsere, irin masu dogon gaba da gajeren baya, ya san abin da ke sa mutum ya bar Corolla mai esi a gida ya ce shi da abokinsa a wannan za su yi doguwar tafiya. Sitiyari na gaya wa hannunka abin da taya ke takawa, kana jin numfashin inji, kana zaune kusa da ƙasa har gudun tamanin ya zama kamar ɗari da ashirin. Ban zo in hana kowa ba. So nake mai niyya ya zaɓi wadda za ta kai shi ta kuma dawo da shi, domin daga Sakkwato za a tashi, ita kuwa Sakkwato tana da sharuɗɗanta: zafin da kan haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, ƙurar hunturu, man da ba kullum ake samun mai tsabta ba, da hanyoyin da ba a son dare ya riski mutum a kansu.

Motoci uku na ɗauka: Mercedes-Benz SL samfurin R107, Peugeot 504 Coupé, da Datsun 240Z tare da ƙannenta 260Z da 280Z. Na bar Porsche 911 da Jaguar E-Type a gefe, saboda kuɗinsu ya wuce a riƙa jefa su ramukan hanyoyinmu. Waɗannan ukun kuwa kowace ta taɓa shan ƙurar Afirka ta yi nasara. Datsun 240Z ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971 da 1973. Peugeot 504 Coupé mai fulogi shida ta lashe Safari a 1978, a shekarar kuma ta lashe na Bandama a Kwaddibuwa, duka da Jean-Pierre Nicolas a kan sitiyari. Sai 'yar'uwar SL mai rufaffen sama, wato SLC, ta karɓe Bandama a 1979 da 1980. Tarihi ne mai daɗin ji, amma a tuna waɗancan an ɗaga su sama, an ɗaura musu faifan ƙarfe a ƙasa, ga ayarin makanikai na biye da su. Taka kuwa ta shekara arba'in ko hamsin, ayarinta kai ne da abokinka.

Hanyar da nake auna su da ita ita ce wannan: a fita Sakkwato zuwa Argungu, kimanin kilomita 100, a leƙa gidan tarihi na Kanta da bakin Matan Fada, a kwana Birnin Kebbi, washegari a bi Jega da Koko zuwa Yawuri a gaɓar Neja, a dawo ta Jega, Aliero, Tambuwal, Shagari da Bodinga. Zuwa da dawowa ya haura kilomita 600. Ban zaɓi hanyar Talata Mafara da Gusau ba, kowa ya san dalili. Ita ma ta Illela zuwa Birnin Ƙonni da Dosso da Yamai, wadda da ita ce ta fi dacewa da irin waɗannan motoci, al'amuran iyaka sun sauya tun juyin mulkin Yulin 2023, ga Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Kudancin Kebbi ma ba wurin sakin jiki ba ne. Shi ya sa a wurina lalacewar mota a irin wannan tafiya ba ɓacin rai kaɗai ba ne, maganar tsaro ce. Motar da ta mutu da la'asar tsakanin Koko da Yawuri ta sa rayuka biyu cikin haɗari, komai kyawunta. Tambayar farko ke nan ba wacce ta fi gudu ba, a'a, wacce ce in ta tsaya za a samu mai tada ta kafin magariba.

Kafin a shiga motocin, a san cewa da wuya a shigo da su sababbin zuwa. Kwastam na da iyakar shekarun motar da ake bari ta shigo, waɗannan kuwa sun wuce iyakar nesa ba kusa ba, kuma a Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Wadda ke cikin ƙasar za a nema, a garejin wani tsohon attajiri ko tsohon babban ma'aikaci, an lulluɓe ta da tamfol, magada ba su san yadda za su yi da ita ba. A nan arewa tana da sa'a ɗaya: busasshiyar iskarmu ba ta cin ƙarfe kamar damshin Legas da Fatakwal. Amma ranarmu na cin roba. Duk wani tiyo, fanbel, robar ƙofa da robar birki, a ɗauka ya mutu sai an tabbatar yana da rai.

Mercedes SL ita ce wadda ido ke fara faɗawa. An yi shekara 18 ana ƙera ta, daga 1971 zuwa 1989, saboda haka tana da yawa a duniya, kuma har yau ana samun kayan gyaranta. Nauyinta ya haura tan ɗaya da rabi, ƙofarta in ka rufe za ka ji ƙarfe ne na gaske. A doguwar hanya babu wadda ta kai ta hutu: kujera mai faɗi, giya mai canza kanta a yawancinsu, sitiyari mai sauƙi, da yawa kuma suna da esi. Mutum biyu za su yi awa huɗu a ciki su fito ba wanda ke dafe da ƙugu. But ɗinta na ɗaukar jaka biyu matsakaita, akwai kuma ɗan wuri a bayan kujeru na kular ruwa da darduma.

Sai dai SL iri-iri ce, kuma a nan ake yin kuskure. Masu fulogi takwas, wato 350, 450, 380, 420, 500 da 560, su ne masu ƙara mai daɗi, su ne kuma masu shan mai. A sa rai da lita 15 ko fiye a kowane kilomita 100. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan ba lissafin da za a yi wa dariya ba ne: tafiyarmu kaɗai za ta cinye lita 90 zuwa 100. Tankinta babba ne, ya kai lita 85 zuwa 90, wannan ya taimaka, domin za ka cika a gidan man da ka yarda da shi a Sakkwato, ka ƙara a Birnin Kebbi, ba ruwanka da 'yan bumburutu. Kuma wajibi ne ka guje su. Daga 1976 injinan SL na aiki da tsarin feshin mai na K-Jetronic, wanda famfo ke tura mai da ƙarfi zuwa wani kasko mai raba shi ga kowace silinda ta ƙananan kafofi. Ƙwayar yashi ko ɗigon ruwa na iya toshe shi, haka ma man da ya daɗe a tanki ya yi danƙo, wanda shi ne halin duk motar da ta shekara goma a ajiye. In ya lalace a Jega, ba abin da sukudireba da hura baki za su yi. Akwai kuma sarƙar tayimin ta injinan fulogi takwas: robobin da take bi a kansu na bushewa su karye da tsufa, in sarƙar ta tsallake kuwa inji ya tafi. Duk wanda ya sayi irin wannan, ya buɗe ya canza su kafin ya je ko Dange.

In dole sai SL, ni mai fulogi shida zan nema. 280 SL injinta ɗaya da na Mercedes 280E da manyanmu suka hau, 300 SL ta 1985 zuwa 1989 kuwa injin Bi-but 300E ne a cikinta. Wannan na nufin akwai makanikan da suka tsufa a kan injin, akwai kuma kayansa na hannu a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas. Ƙarar ba ta kai ta fulogi takwas ba, amma za ta kai ku gida.

Game da buɗe sama, wanda shi ne ke jan mutane zuwa SL, gaskiya a ƙasarmu amfaninsa kaɗan ne. Rumfa biyu gare ta: ta yadi mai naɗewa a baya, da ta ƙarfe wadda sai mutum biyu sun kama sun ɗaga, kuma in an cire ta a gida za a bar ta, ba ta shiga but. Ke nan tun a ƙofar gida za ku yanke shawara. In kun bar ta ƙarfen, za ku sami awa biyu na sanyin safiya daga Sakkwato zuwa Argungu, sama a buɗe, fadamun shinkafa na wucewa, abin da ba a mantawa. Daga hantsi kuwa sai ku ja ta yadin, ita kuma ba ta tare zafi ba ta tare ƙura kamar ta ƙarfe, esi ɗin ma sai ya yi ta fama. Shi kansa esi ɗin da tsohon gas na R12 aka yi shi, wanda aka daina ƙerawa, sai an juya shi zuwa na zamani. Wata matsalar ita ce kusancinta da ƙasa. Kowane gari a hanyar nan yana da tudun rage gudu, wasu mutanen gari ne suka gina da kansu ba awo. SL mai lodin mutum biyu da kaya sai a karkace take hawansu, a hankali, kana jin tsoron kaskon baƙin mai.

Datsun Z ba zan daɗe a kanta ba, ba don ba na son ta ba. Ita ce motar tsere ta gaskiya a cikin ukun. Ta fito a ƙarshen 1969, inji mai fulogi shida a jere, lita 2.4, ƙarfin doki kusan 150, a jikin da nauyinsa tan ɗaya ne da 'yan kai. Giyar hannu, sitiyari ba fawa, kujera biyu rak, bayanta kuwa ƙofa ce mai ɗagawa da ke ɗaukar kaya fiye da yadda ake zato. Injinta mai sauƙin kai ne, dangin na Datsun Laurel da tsohuwar Nissan Patrol mai fetur, kafiretonta biyu kuma duk makanikin da ya iya sauraren inji zai daidaita su.

Abin da ya kayar da ita a wurina zafi ne. A injin nan, bututun shigar mai da na fitar hayaƙi a gefe ɗaya suke, kafireto na zaune a saman salansa mai zafi. A ƙasar sanyi ba komai. A Sakkwato da azahar, in kun tsaya salla kun kashe ta, zafin na hawa ya tafasa man da ke cikin tiyo, ku dawo ku yi ta murza makulli ta ƙi tashi sai ta huce. Samfurin 1973 da 260Z sun fi kowa wannan hali. 280Z ta 1975 zuwa 1978 ta koma feshin mai na lantarki, ta rage matsalar, ta kawo wata: tsofaffin wayoyi da na'urorin da riwaya na bakin hanya bai saba da su ba. Cikinta ma zafi ne, ƙarfen giyabos na gasa ƙafa, yawanci ba esi, kuma in robar ƙofar baya ta mutu hayaƙin salansa na dawowa ciki, musamman in an sauke gilashi. Wannan ba abin wasa ba ne, yana sa ciwon kai da gyangyaɗi a kan sitiyari. Ƙarfenta siriri ne, tsatsa na cin ƙasan kujeru da ƙarƙashin batir. A kuma duba ɓangaren sitiyari: waɗanda aka yi wa Japan da Ingila a dama yake, mu kuwa tun Afrilun 1972 muka koma bin hannun dama, kuma jami'an kiyaye haɗurra ba sa ƙyale mai sitiyari a dama. Wuce tirela a hanya mai layi ɗaya da irin wannan mota, direba ba ya ganin gaba, ran mutum biyu na hannun wanda ke zaune a gefe.

Sai Peugeot. Mai kallo daga nesa ba zai ce 'yar gidan su 504 ɗin tasha ba ce, domin kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, aka fito da ita a 1969 aka ci gaba har 1983. An rage mata tsawo tsakanin tayoyi da kusan santimita 19, an kwantar da rufinta. Amma in ka durƙusa ka leƙa ƙasa, sai ka ga 'yar gida ce. Ita 504 an haɗa ta a Kaduna daga tsakiyar shekarun 1970 har 2006. Ita ce motar gwamnati, ita ce ta 'yan kasuwa, ita ce doguwar da ta yi shekaru tana jigila tsakanin Sakkwato da Kaduna da Kano da fasinja bakwai da buhuna a sama. Babu garin da za ku ratsa a hanyar Yawuri da ba a taɓa kwance injin 504 a gindin bishiya ba. Ka shiga da ita gareji a Sakkwato, tsohon makaniki ya ɗaga bonet, abin da za ka ji shi ne: "Alhaji, ai wagga Fijo ta. Ko da tocila ina gyara ta." Wannan magana ta fi mini ƙarfin doki ɗari.

Tafiyarta ma ta hanyarmu ce. Shokanta masu dogon numfashi ne, tana haɗiye rami da gargada ba tare da ta girgiza haƙora ba, tana hawa tudun rage gudu ba sai an karkace ba. Kujerunta masu taushi ne irin na Faransawa. Tana da ƙaramar kujerar baya, wadda ba ta isa babban mutum a doguwar tafiya ba, amma ta isa jakunkuna, jarkar ruwa, da buhun albasar da ba makawa sai kun saya a Aliero. Birkinta faifai ne gaba da baya. Ba ta kai Datsun zafin nama ba, ba ta kai Mercedes isa ba, kuma tankin mai fulogi huɗun bai kai na Mercedes girma ba, amma shan manta ya fi sauƙi nesa.

Akwai abu biyu da mai saye zai sani, kar maganar makaniki ta ruɗe shi. Na farko, mai fulogi huɗun, duk da gangar injin ɗaya ce da ta lita 2 da aka sani, da famfon feshin mai na Kugelfischer ta zo, ba kafireto ba. Famfo ne mai aminci in yana lafiya, amma masu iya saita shi 'yan kaɗan ne ko a Turai. Mafita a nan ita ce a cire shi a ajiye a kwali, a ɗora kafireto da bututunsa na 504 ta Kaduna. Masu tara tsofaffin motoci za su ce an rage mata daraja. Ni ina ganin an ƙara mata amfani, kuma ranar da za a sayar ana iya mayar da na asalin. Mai fulogi shida da ta fito daga 1974, wadda ta ci tseren Safari, injinta na haɗin gwiwar Peugeot da Renault da Volvo ne, ba kowa ya san shi ba a nan. Duk hujjar da na kawo ta sanin makanikai ba ta shafe ta ba. Na biyu, jikinta ba ya musanya da na 504 mai ƙofa huɗu. Gilashin gaba, fitilu, ƙofofi, duk nata daban ne. Tirela ta watso tsakuwa ta fasa gilashi, sai an yi odarsa daga Faransa. Don haka a bar tazara mai yawa a bayan manyan motoci, musamman inda ake aikin hanya. Kuma ita ce ta fi wuyar samu a cikin ukun, domin ba a ƙera ta da yawa ba. Mai nema ya sa haƙuri, ya kuma baza kunne har Jamhuriyar Nijar da Benin inda motocin Faransa suka fi zama, ya tabbatar da takardun kwastam kafin ya ba da ko sisi.

Shi ma abokin tafiya yana cikin lissafin zaɓen mota. A mota mai kujera biyu ba inda mutum zai koma ya miƙe in ya gaji, ko in magana ta yi tsami. Kafaɗa na gogar kafaɗa daga asuba har la'asar. In abokinka bai iya giyar hannu ba, Datsun ta fita, yawancin Peugeot ma haka, domin tuƙin kilomita 600 a tsohuwar mota ba aikin mutum ɗaya ba ne. In dattijo ne ko mai ciwon baya, shiga da fita daga Datsun wahala ce, Mercedes za ta fi mutunta shi. In kuwa irin abokin nan ne da in mota ta yi tari zai naɗe hannun riga ya ce "miƙo mini sifana goma sha uku", to shi ne ya cancanci Datsun, kuma da shi kaɗai zan yarda a shiga ta. A yi maganar kuɗi tun a gida: wa ke da mai, wa ke da masauki, in inji ya buga a hanya wa ke da asara. Abota da yawa ta yi rauni a kan abin da aka ji kunyar faɗa kafin tashi.

Ga inda na tsaya. Wanda ya samu Peugeot 504 Coupé mai fulogi huɗu, jikinta lafiya, gilashinta ba tsaga, ya ɗauka kar ya yi dogon ciniki. Wanda bai samu ba, ko kuma hutu ya fi damunsa kuma aljihunsa na iya ɗauka, ya nemi 280 SL ko 300 SL, ya bar mata rumfar ƙarfe, ya wanke tanki, ya canza famfon mai da matatarsa. Datsun a bar ta ga Disamba da Janairu, ga tafiyar yini ɗaya zuwa Argungu ko madatsar Goronyo.

Kowacce aka ɗauka, watannin tafiyar su ne Nuwamba zuwa Fabrairu, a tashi bayan sallar asuba in gari ya fara haske, a sauka masauki kafin la'asar sakaliya. Ranar da hazo ya yi kauri a ɗaga tafiyar, fitilun waɗannan motoci ba na yanzu ba ne. Tayoyi a sa sababbi, a duba shekarar da ke rubuce a gefensu, domin taya mai kyan ƙwaya da ta shekara goma a ajiye ita ce ke fashewa a kwalta mai zafi. Kuma a bar mata ƙaramin rim ɗinta na asali mai taya mai kauri, shi ne ke ɗaukar dukan rami. A wanke lagireto, a riƙe fanbel biyu, tiyon lagireto na sama da na ƙasa, matatar mai, fulogi, man birki, da ruwa mai yawa na mota da na sha.

Sannan a yi mata jarrabawa mako guda kafin tafiya. A fita da ita da ƙarfe biyu na rana, ku biyun da kayanku, a je Bodinga a dawo, a shiga cunkoson bakin babbar kasuwa, a bar ta a kunne a tsaye minti ashirin ana kallon allurar zafi. A kashe ta, a jira minti goma, a sake murza makulli. In ta tashi a bugu ɗaya, a fara haɗa jaka. In ta yi gardama, a mayar da ita gareji, a gaya wa mai masauki a Birnin Kebbi an ɗaga zuwa wani makon.